KUƊIN TABA DA SUKA KOMA SHANU

Jama'a 'yan'uwa fatake da dillalai, a wannan fitowa mun leƙa ƙasar Amurka, can jahar Kentaki. Akwai wata gunduma ta karkara da ake kira Barren, wadda ta yi suna wajen noman taba tun kaka da kakanni, kuma tana sahun gaba a jahar wajen yawan shanu.

Tun daga 1938 gwamnatin Amurka ta ƙayyade wa kowace gona yawan tabar da za ta kai kasuwa, ta kuma tsaida farashin da ba za a yi ƙasa da shi ba. Sannu a hankali wannan izini ya zama dukiya: ana gadonsa, ana ba da hayarsa. Sai ka ga mutum na zaune a birni, wani na can gona yana biyansa haya.

A watan Oktoba na 2004 Shugaba George Bush ya sa hannu a kan dokar da ta soke tsarin. Aka ware kusan dala biliyan 10 don sallamar mutane cikin shekara goma, daga 2005 zuwa 2014. Kuɗin kuwa daga kamfanonin sigari da masu shigo da taba aka karɓo su.

To, ga inda gizo ke saƙar. A kan kowace laba ɗaya, wato kusan rabin kilo, mai takardar izini ya samu dala 7, wanda ya yi noman dala 3. Mai noma da izinin kansa ya haɗa duka goma. Amma ɗan haya fa? Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi! Ƙananan manoma da yawa suka karɓi nasu suka bar sana'ar. Gonakin taba a Kentaki sun kai kimanin dubu 29 a 2002. Kafin 2017 ba su cika dubu 3 ba.

Sai dai akwai wasu kuɗin daban. A 1998 manyan kamfanonin sigari suka amince su biya jahohi 46 diyyar abin da suka kashe wajen jinyar mashaya. A 2000 majalisar Kentaki ta yanke cewa rabin kasonta zai tafi ga noma da kiwo, aka kafa kwamiti a kowace gunduma don duba buƙatun mutanen wurin. Ba a danƙa wa mutum kuɗi ya sa aljihu. Ya sayi bajimi mai kyawun iri, ko ya gina rumbun ajiyar ciyawa, ko shingen kama shanu don allura, ya kawo rasiɗi, sannan a maida masa wani kaso, galibi rabi.

Kowa a cikinmu ya san abin da bajimin kirki ke yi wa garke, da yadda maraƙin da bai sha wuyar rani ba ke ɗaga kai ranar kasuwa. Kuɗin sallama sun ƙare tun 2014, rumbuna da irin shanun kuwa suna nan.

Saboda haka duk ranar da aka zo mana da maganar tallafi, kafin mu tafa, mu fara tambaya: sunan wa ke kan takarda, kuma me zai rage a garke bayan kuɗin sun ƙare? Allah ya ba mu sa'ar kasuwa, amin.