Ruwa ne ya fita ko kitse? Tantance jita-jitar rage ƙiba

Kusan duk wata jita-jita da ke yawo a kan rage ƙiba alkawari guda take ɗauke da shi, wato sauri. Mai tallar shayi ya ce kilo biyar a mako ɗaya, mai sayar da ɗamara ya ce tumbi zai baje kafin biki, a WhatsApp kuma a ce lemun tsami da ruwan ɗumi da sassafe suna narkar da kitse kamar yadda wuta ke narkar da man shanu. Kafin a auna kowace daga cikinsu, akwai lissafi ɗaya da ya kamata kowa ya riƙe. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kimanin 7,700, baligi kuma yana ƙona tsakanin 2,000 da 2,500 a yini. Ke nan ko da mutum ya kwana bakwai bai sa komai a baki ba, kitsen da zai ƙone ba zai wuce kilo biyu da 'yan kai ba. Duk wanda ya ce kilo biyar sun tafi a mako ɗaya, to mafi yawansu ruwa ne da abin da ke cikin hanji. Illar wannan ruɗani ta wuce asarar kuɗi, domin shi ne ke sa mai ƙoƙari na gaskiya ya ɗauka ya gaza, ya yar da aikin a daidai lokacin da ya fara haifar da ɗa mai ido.

A fara da tambayar da ba kasafai ake yi ba: idan kitse ya ragu, ina yake zuwa? Mutane da yawa suna zaton ta gumi yake fita, ko ta bayan gida. A shekarar 2014 Ruben Meerman da Andrew Brown na Jami'ar New South Wales da ke Ostireliya sun wallafa lissafin abin a mujallar likitoci ta BMJ. Sun nuna cewa cikin kilo 10 na kitsen da jiki ya ƙona, kilo 8.4 suna fita ne ta huhu, a matsayin iskar da muke fitarwa wajen numfashi, ragowar kilo 1.6 kuma su zama ruwa. Kitse ajiya ce, kamar hatsi a rumbu, kuma jiki ba ya buɗe rumbun sai abin da ke shigowa ya gaza abin da ake kashewa. Da wannan kaɗai jita-jita da dama sun faɗi. Mai sa leda ko rigar sanyi yana gudu a rana don ya yi gumi, ruwa yake zubarwa, kuma da ya sha kofi biyu nauyin ya dawo. A zafin watan Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, inda ma'aunin zafi ke haura 40, wannan wasa ne da rai. Haka ɗamarar ɗaure ciki: tana matse abin da ke nan, ba ta rage shi, da an kwance ta ya koma mazauninsa. Ɗaure ciki da mai jego ke yi yana iya ba ta daɗin zama da tallafin baya, sai dai cikin da ke komawa bayan haihuwa aikin mahaifa ne da ke tsukewa da kanta cikin makonni shida ko makamancin haka.

Lemun tsami da ruwan ɗumi ba su da laifi, amma ba sa narkar da komai. Cikin mutum yana da tsamin da ya ninka na lemun tsami, kuma ruwan da aka sha, ɗumi ne ko sanyi, cikin 'yan mintoci yake komawa zafin jiki. Wannan ma ya isa amsa ga masu cewa ruwan sanyi yana daskarar da kitse ya sa tumbi. Ɗan ƙwayar gaskiyar da ke cikin zancen ita ce, wanda ya maye gurbin shayi mai madara da cokali huɗu na sukari da ruwan lemun tsami zai ga canji, amma sukarin da ya bari ne ya yi aikin. In kuwa ya zuba zuma cokali biyu yana cewa ai zuma ba sukari ba ce, ya koma gidan jiya. Zuma tana da darajarta, amma cokalinta ya fi cokalin sukari kalori, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2015, ta lissafa ta cikin sukarin da ya kamata a taƙaita zuwa ƙasa da giram 50 a yini, kimanin ƙaramin cokali 12. Kwalbar lemo ɗaya ta rabin lita ta kusa cinye wannan kason gaba ɗaya. Zoɓo da kunun aya da fura da aka zabga wa sukari su ma layinsu ɗaya, ko da a gida aka haɗa su.

Inda abin ya tashi daga asarar kuɗi ya koma haɗari shi ne shayi da ƙwayoyin rage ƙiba. Da yawa daga cikin irin wannan shayi ganyen filasko ne a ciki, wanda iyayenmu suka daɗe da sani a matsayin maganin wankin ciki. Yana aiki ne a babban hanji, bayan jiki ya riga ya tsotse kusan duk amfanin abincin a ƙaramin hanji, don haka abin da yake fitarwa ruwa ne da gishirin jiki. Mai shan sa kullum yana iya rasa sinadarin fotashiyam, wanda bugun zuciya ya dogara da shi. Wasu kayan kuma ana ɓoye magani a cikinsu ba a rubuta a jikin kwali ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sha gano sibutiramin a cikin kayan rage ƙiba da aka ce na gargajiya ne zalla, alhali an janye wannan magani daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Kalmar "ai ganye ne" ba ta kare kowa. A farkon shekarun 1990, mata fiye da ɗari a Beljiyam suka kamu da ciwon ƙoda mai tsanani bayan shan wani haɗin rage ƙiba da aka cakuɗa da saiwar wani tsiro mai guba, da yawansu sai da aka riƙa yi musu wankin ƙoda ko dashe. Lambar NAFDAC a jikin kwali abin dubawa ce, amma ba shaida ba ce cewa abin yana rage ƙiba.

Wani zai ce, to ai mun ga wadda ta sha kuma ta rame da idonmu. Ba a musun abin da ido ya gani, amma a duba me ya haɗu da shan. Wadda ta kashe kuɗi ta sayi shayi yawanci ta shiga taitayinta ne a wannan makon, ta rage ci, ta bar lemo, wani lokaci ma takardar shayin ce ta umarce ta da hakan. Ga kuma gudawa. Sannan jiki yana ajiye ɗan sukari a hanta da tsoka, kowane giram tare da ruwa kimanin giram uku, kuma shi ne farkon abin da ke tafiya idan an rage ci. Shi ya sa makon farko na kowane tsari, mai kyau ko na banza, yake ba da mamaki a kan sikeli. Tambayar da ta dace ita ce yaya take bayan wata shida, kuma wannan hoton ne masu talla ba sa nunawa. Azumin Ramadan ma darasi ne a nan: binciken da aka tattara daga ƙasashe daban-daban ya nuna masu azumi kan rage kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi a watan, kuma yawanci nauyin ya dawo cikin 'yan makonni bayan Sallah. Wanda ya yi buɗa baki da ƙosai da soyayyen dankali da kunu mai zaƙi, ya bi da tuwo, yana iya fita watan ya fi yadda ya shiga.

Akwai kuma maganar da ake yi wa masu ƙiba, cewa lalaci ne da rashin kame baki. Wannan ita ma jita-jita ce, kuma ta fi sauran ciwo. Jiki yana yaƙi da ramewa. Wani bincike da aka yi a Melbon, aka wallafa a 2011, ya bi mutanen da suka rage nauyi sosai cikin makonni goma, ya tarar shekara guda bayan haka sinadarin da ke tada yunwa yana nan sama da yadda yake tun farko, masu sa ƙoshi kuma suna ƙasa. A 2016 Kevin Hall da abokan aikinsa suka auna mutum 14 da suka shiga wata gasar rage ƙiba ta talabijin a Amurka, suka tarar bayan shekara shida mafi yawan nauyin ya dawo, kuma jikinsu yana ƙona kalori kusan 500 ƙasa da abin da ake tsammani a yini. Yunwar da mai rage ci ke ji gaskiya ce, ba kwaɗayi ba ne. Gado ma yana da hannu sosai, kamar yadda bincike a kan tagwaye ya daɗe da nunawa. Amma daga nan bai kamata a tsallaka zuwa cewa ƙoƙari banza ne ba. Gadonmu bai canza ba cikin shekara talatin, amma ƙiba a tsakanin baligai a duniya ta ninka fiye da sau biyu tun 1990, har ta kai a 2022 mutum ɗaya cikin takwas yana ɗauke da ita. Abin da ya canza shi ne abinci da zama: babur ya maye gurbin ƙafa, inji ya maye gurbin turmi, lemon kwalba ya shiga kowane lungu.

To mene ne gaskiyar da ta rage bayan an sheƙe ƙaiƙayi? Ita ce raguwa kaɗan tana da amfani babba, wanda madubi ba ya nunawa. A binciken rigakafin ciwon suga da aka yi a Amurka, aka fitar a 2002, an ɗauki mutum 3,234 da ke bakin kamuwa da ciwon. Waɗanda aka sa su nemi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da tafiya ta minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da kashi 58 cikin 100, yayin da masu shan maganin metfomin suka rage da kashi 31. Ga mai kilo 90, kashi 7 bai wuce kilo shida da ɗan ƙari ba. Mutumin da ya sauke kilo shida cikin wata shida, idan ya auna kansa da alkawarin mai shayi, zai ce bai yi komai ba, alhali ya yi abin da ya fi magani aiki. Nan ne jita-jita take kashe gwiwa. Ko allurai na zamani irin su semaglutayid, waɗanda suke aiki da gaske, har aka ga sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyi a gwajin 2021, makonni 68 suka ɗauka, kuma waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi biyu bisa uku cikin shekara. Magani ne na likita, mai tsada, ba na sayen kasuwa ba.

Ba sai an bar tuwo ba. Ana yawan ɗora wa tuwo da shinkafa laifi, amma giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na hatsi kuwa 4, kuma babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai kalori 120. Miyar da mai ke yawo a kanta tana iya fin malmalar tuwon nauyi. A rage malmala daga biyu zuwa ɗaya, a ƙara miyar kuka ko kuɓewa ko zogale mai ƙarancin mai, a yawaita wake da kwaɗon rama da kifi, a bar suya sai lokaci-lokaci. Motsa jiki kuwa, gaskiyarsa biyu ce: tafiyar rabin awa da ɗan sauri tana ƙona kalori kimanin 150, ƙasa da kwalbar lemo ɗaya, don haka shi kaɗai ba ya sauke nauyi da yawa, amma yana saukar da hawan jini da suga, yana kare tsoka, yana taimakawa kada nauyin ya dawo. Atisayen ciki yana ƙarfafa tsokar ciki, ba ya zaɓar kitsen tumbi ya ƙone, domin jiki daga ko'ina yake ɗiba.

Wahalar da ta fi yawa ta zamantakewa ce. Ana cin abinci a kwano ɗaya, ana zuwa biki da suna inda ƙin ci ke zama kamar raini, kuma da mutum ya ɗan faɗa sai a fara tambayarsa ko lafiya, mace kuma a ce mijinta ba ya ciyar da ita. Har yanzu akwai 'yan matan da ke shan ƙwayoyin sha-ka-fashe don su yi ƙiba, waɗanda ke kumbura fuska su jawo suga da hawan jini. Wanda ya gaya wa iyalinsa dalilinsa, musamman mai girkin gidan, ya fi mai ɓoyewa samun sauƙi, kuma mai abokin tafiya bayan sallar Asuba ya fi mai tafiya shi kaɗai ɗorewa. Auna kai sau ɗaya a mako, da safe, ya fi hawa sikeli kullum, domin gishiri da al'ada da abin da ke cikin hanji suna iya motsa nauyi da kilo ɗaya ko biyu a yini. Igiyar awon tela ma tana da amfani: kewayen ƙugu ya kasance ƙasa da rabin tsayin mutum. Mai juna biyu, da mai shayarwa, da mai shan maganin suga ko yin allurar insulin, kada su rage ci sai da shawarar likita. Wanda kuwa yake ramewa ba tare da ya nema ba, musamman da yawan ƙishirwa da fitsari, ko tari da zufar dare, asibiti ya kamata ya nufa a gwada shi.