Gadarif: Fargabar rubuta wa farfesa wasiƙa kafin neman digiri na gaba

A Gadarif da ke gabashin Sudan, inda Hausawa suka kafa unguwanni tun zamanin tafiya Makka a ƙasa, akwai matasa da suka gama digirin farko suna son ɗorawa. Abu biyu ke tsaya musu a wuya: takardu, da wasiƙar farko zuwa ga malamin da zai duba bincikensu.

Batun takardu ba laifinsu ba ne. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya rufe jami'o'in Khartoum, a Disambar shekarar kuma dakarun RSF suka shiga Wad Madani, mazaunin Jami'ar Jazira. Ɗalibai da yawa sun tsere gabas ba ko takardar sakamako a hannunsu. Irin wannan ɗalibi ne ke zaune yana tambayar kansa: wane farfesa zai saurari wanda ya yi shekara biyu ba ya aji?

Da farko, ba ko'ina ake buƙatar wasiƙar ba. A jami'o'in Najeriya irin su Bayero ta Kano da Ahmadu Bello ta Zariya, galibi sashe ne ke haɗa ɗalibi da mai duba aikinsa bayan an ba shi gurbi. Tallafin karatun gwamnatin Turkiyya, wanda aka saba buɗewa daga Janairu zuwa Fabrairu, ta intanet ake cike shi. A Faransa da Jamus ne lamarin ya bambanta: mai neman digirin digirgir galibi ba ya tsallake wannan mataki, sai wani malami ya amince zai jagoranci aikinsa. Amurka kuwa a ajiye ta gefe tukuna, domin Sudan na cikin ƙasashen da aka hana ƴan ƙasarsu shiga tun Yunin 2025.

To me za a rubuta? Tarbiyyarmu ta koya mana doguwar gaisuwa da ƙasƙantar da kai a gaban malami, kuma abu ne mai kyau a zaure. A imel kam, yana kashe wasiƙa. Farfesan da saƙonni suka yi wa yawa layi uku na farko yake dubawa. Ya ga sunanka da abin da ka karanta, ya ga wace maƙala tasa ka duba da abin da ya ja hankalinka a ciki, sannan tambayar da kake son bincika. Labarin yaƙi jimla ɗaya ta ishe shi: jami'ata ta rufe, ga hoton abin da nake da shi, ina bin sauran. Wasiƙa guda da aka aika wa malamai talatin ba a canza ko kalma ba, da gani ake gane ta.

Abin da ɗan Gadarif ke yawan mantawa shi ne yana zaune a inda masu bincike da dama ke son zuwa, hanya ta gagare su. Jihar na cikin manyan wuraren noman riɗi da dawa da ruwan damina a Sudan. Tana kuma cikin yankunan da cutar kala-azar ta fi kamari. Sansanin Um Rakuba na karɓar ƴan gudun hijirar Habasha tun Nuwamban 2020. Ga Hausar Sudan kanta, wadda ta cuɗanya da Larabci fiye da ƙarni guda. Wanda ke jin Hausa da Larabci, zai iya zama da manomi ko maras lafiya ya yi hira da shi, ba roƙo ya je yi ba. Ya sa wannan a wasiƙar, a fili.

Sai shiru, wanda shi ya fi tayar da hankali. Sau da yawa dalilinsa hutu ne, ko malamin ba shi da kuɗin ɗaukar sabon ɗalibi a bana. A jira mako biyu, a tuna masa sau ɗaya a taƙaice, in bai amsa ba a nemi wani. A kauce wa watan Agusta idan Faransa ake nufi, lokacin ofisoshin jami'a kusan duk a kulle suke.