Idon Mai Turke da Lissafin Masana

Wata uku ko huɗu kafin Babbar Sallah, daga Wudil har Maraɗi, gidaje da yawa kan ɗaure sa a turke, a tara dusa da harawa, a zauna jiran riba. Abin da ke raba mai ci da mai asara shi ne sanin abin da za a zuba wa san nan kullum, da kuma yawansa. Hanya biyu ake bi. Akwai ta mai turke, wanda ke aiki da ido da tafin hannu, akwai kuma ta masana abincin dabbobi, irin na cibiyar NAPRI da ke Shika kusa da Zariya, masu aiki da sikeli da alƙalami.

Idon gwani ba abin rainawa ba ne. Da asuba yakan leƙa kwano ya ga ko an bar saura. Yakan dubi kashin: in ya yi ruwa yana tsami, dusa ta yi yawa, in ya bushe ya dunƙule, kara ya yi yawa ko ruwan sha ya gaza. Ya lura ko san yana tuƙa, ya shafa haƙarƙari, ya matsa gindin wutsiya da tozo. Babu littafin da zai yi maka wannan. Matsalar ido ɗaya ce, yana makara. Ƙibar da ka gani yau sakamakon abincin watan jiya ce, kuma kafin rama ta fito fili kuɗin buhu biyu sun riga sun tafi.

Lissafi kuwa daga nauyi yake farawa. Sa yana cin busasshen abinci kimanin kashi 2.5 cikin ɗari na nauyinsa a rana, wato mai kilo 300 zai ci wajen kilo 7 da rabi. In ɗanyar ciyawa ce, wadda kusan kashi uku cikin huɗu nata ruwa ne, sai ya ci wajen kilo 30 kafin ya sami daidai wannan. Daga nan masana sukan raba abincin gida biyu: wanda ke riƙe rai, wato numfashi da ɗumin jiki da narkarwa, da kuma wanda ke zama nama. Sai na farko ya cika na biyu ke farawa. Shi ya sa mai tsumulmular dusa ya fi kowa asara, domin kullum yana biyan kuɗin riƙe rai ba tare da ya sami ko tsoka ɗaya ba. Kuma na riƙe ran ba ya ninkawa da nauyi: sa mai kilo 400 ba ya bukatar ninki biyu na abin da mai kilo 200 ke bukata, wajen ɗaya da kashi biyu cikin uku yake bukata.

Inda lissafi ya fi ƙarfi shi ne furotin. In ya gaza kashi 7 cikin ɗari na abinci, ƙwayoyin da ke cikin tumbi suna narkar da ciyawa sukan yi sanyi, dabba ta rage ci ko da kwanon a cike yake. Karan dawa da busasshiyar ciyawar rani ba sa kaiwa nan. Harawar gyada da ta wake sun wuce shi sosai, tunkuzar angurya kuma ta fi su duka. Ido zai ce san ba shi da cin abinci. Lissafi zai ce a ƙara masa harawa. Haka nan dusar alkama, tana da fosforas da yawa, kalsiyam kaɗan, abin da kan jawo tsakuwa ta toshe hanyar fitsarin namiji in an dogara da ita kaɗai. Wannan ba ya nuna a fata sai ranar da fitsari ya tsaya.

Amma alƙaluman su ma suna da gurgunta. Littafin da aka fi dogaro da shi na Amurka ne, bugunsa na takwas ya fito a 2016, kuma yawancin gwajinsa kan shanun can aka yi, da masara da ciyawar can. Shi da kansa ya yarda cewa shanu masu tozo, dangin Bunaji da Bokolo namu, bukatarsu ta riƙe rai ta gaza da kimanin kashi 10 cikin ɗari. Sannan harawa suna ta tara. Damin da ganyensa ya kakkaɓe a hanya, ko ruwa ya doke shi a kan rumfa, ba shi ne wanda aka auna a ɗakin gwaji ba. A nan dole a koma wa hanci da idon mai saye.

A ganina, wajen sayen abinci da raba shi lissafi ya kamata ya ja gaba, ido ya riƙa gyara masa kullum. Rashin sikeli ba hujja ba ne, tunda tef ɗin tela da aka zagaya ƙirjin sa, bayan ƙafafun gaba, yana ba da ƙiyasin nauyi mai amfani, kuma in ana maimaitawa duk mako biyu zai nuna ko ana ci gaba. Zai kuma nuna lokacin sayarwa. Kitse ya fi tsoka cin abinci nesa ba kusa ba, don haka makonnin ƙarshe su ne mafiya tsada. A kara kuwa, ko Potiskum ko Mai'adua, dillali ba ya tambayar kilo, tozo da sheƙin fata yake yi wa kuɗi. Saboda haka wani lokaci ƙarin mako biyu kan biya kansa, wani lokaci kuma tef ya tsaya cak, dusa kawai ake ƙonawa.