Moers: Ƙaramin Garin da Ya Rungumi Kiɗan da Ba a Shirya Ba

A yammacin Jamus, kusa da kogin Rhine, daura da birnin Duisburg, akwai wani gari da ake kira Moers. Mutanensa sun ɗan haura dubu 100. A da yankin haƙar kwal ne, yanzu ramukan duk an rufe su, sai tuddan baraguzai da aikin ya bari. Ba irin garin da matafiyi zai yi takakkiya ya je gani ba ne. Amma duk shekara idan hutun Fentikos na Kirista ya zagayo, a watan Mayu ko Yuni, sai makaɗa daga Amurka da Japan da Afirka da sassan Turai su yi wa garin tsinke, daga Juma'a har Litinin. Abin da ke tara su kiɗa ne wanda galibinsa ba a rubuta ba, ba a yi masa gwaji ba, su kansu masu yin sa ba su san inda zai kai su ba sai sun isa. Tun 1972 ake wannan biki.

Kiɗan jaz, wanda baƙar fatar Amurka suka ƙago a New Orleans a farkon ƙarni na 20, dama can akwai ƙirƙirar nan-take a cikinsa, sai dai tana da shinge. Ƙungiya takan buɗe da karin wata waƙa da kowa ya sani. Daga nan mabusa su riƙa karɓa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya nuna gwanintarsa, amma a kan wani jerin sautuka mai zagayawa, yawanci gaɓa 12 ko 32. Mai fiyano da mai bas suna riƙe masa hanya, mai ganga yana ƙirga masa taku. In kowa ya yi nasa, a koma kan karin farko a rufe.

Bahaushe ba baƙon irin wannan ba ne. A zamaninsa, Mamman Shata yakan ƙaga baituka a tsaye gaban jama'a, har ya saka sunan wanda shigowarsa ke nan, amma kalangu na nan daram ba ya gocewa, 'yan amshi kuma suna jiran sa inda suka saba tarar sa. To, a ce an sallami masu kalangun su ma kowa ya bi zuciyarsa, 'yan amshi kuma su ajiye amshin su riƙa mayar masa da duk abin da ya zo bakinsu. Kusan abin da wasu makaɗan jaz suka yi ke nan a ƙarshen shekarun 1950.

Jagoransu Ornette Coleman ne, mutumin Texas, mai busa saksofon. Da ya sauka New York a 1959 da ƙungiyarsa ta mutum huɗu, babu fiyano a cikinta, ya yi watsi da jerin sautukan nan mai zagayawa, sai garin ya rabu biyu: masu cewa sabon zamani ya zo, da masu cewa mutumin bai ma iya busa ba. Ranar 21 ga Disamba, 1960, ya ƙara ta'azzara lamarin. Ya shiga ɗakin ɗaukar sauti, su makaɗa takwas har da shi, ya raba su huɗu-huɗu, kowane ɓangare da mai gangarsa da mai bas ɗinsa, suka yi ta yi kimanin minti 37 ba tsayawa, in ban da 'yan gajerun sassa da aka tsara don miƙa wa mai busa na gaba. A faifan, ɓangare ɗaya ta lasifikar hagu yake fitowa, ɗayan ta dama. Sunan faifan, Free Jazz, shi ya zama sunan salon baki ɗaya. Mujallar DownBeat ta ba mutum biyu su yi sharhi a kansa: ɗaya ya ba shi tauraro biyar, ɗayan ya hana shi ko ɗaya.

Matsalar ita ce kiɗan ba ya kawo ciniki. Mai gidan rawa so yake mutane su zauna suna hira suna sayen abin sha, shi kuwa wannan kiɗa ko dai ka yi shiru ka saurara ko ka tashi ka fita. Ganin haka makaɗan suka fara shirya wa kansu taro. A 1964 Bill Dixon ya haɗa wasan kwana huɗu a wani ɗan shagon shan gahawa a New York. A 1965 Muhal Richard Abrams da abokansa suka kafa ƙungiyar AACM a Chicago. Duk da haka abinci bai samu ba, da yawansu suka ƙetara Turai. 'Yan Art Ensemble of Chicago a 1969 suka koma Paris. Abin da Turai ta fi Amurka da shi a lokacin ba kunne ba ne, aljihu ne: gidajen rediyon gwamnati da majalisun birane masu ware kuɗi don al'adu ba tare da sun tambayi ribar da za a samu ba.

Su ma Turawan suna da nasu masu zafin kai. Peter Brötzmann, wanda aka haifa a 1941 ana tsakiyar yaƙi, ya tashi cikin samarin Jamus da ke tuhumar iyayensu kan abin da aka aikata a zamanin Hitler. A watan Mayun 1968 ya tara makaɗa takwas har da shi a Bremen, masu saksofon uku, masu ganga biyu, masu bas biyu da mai fiyano, suka yi faifan Machine Gun. Sunan bai yi ƙarya ba. Wanda ya fara jin sa ba shiri zai iya zaton lasifikarsa ce ta lalace.

A wannan yanayi ne wani matashi mai suna Burkhard Hennen ya fara bikin Moers a farfajiyar tsohuwar fadar garin. Ba a daɗe ba wurin ya yi kaɗan, aka koma filin shaƙatawa da ke kusa, daga baya kuma aka riƙa kafa wani makeken tanti irin na 'yan wasan dabo da dabbobi. Hennen ya riƙe ragamar har 2005, ya kuma kafa kamfanin faifai, Moers Music, saboda kiɗan da aka yi sau ɗaya ba za a sake ba, in ba a naɗe shi ba ya tafi ke nan. Ta haka aka adana wasan da Anthony Braxton ya yi shi kaɗai da saksofon ɗinsa a 1974, da kuma faifan farko na World Saxophone Quartet, masu busa huɗu babu ganga babu fiyano, wanda aka ɗauka a bikin 1977.

To me mai tikiti yake gani? A ce mutum uku sun hau dandamali: mai ganga, mai bas, da wata mai saksofon. Wataƙila yau da safe suka fara haɗuwa, wataƙila ko harshe ɗaya ba sa ji. Babu wanda zai ƙirga ɗaya, biyu, uku. Mai gangar ya ajiye sandunansa, ya ɗora ƙaramin faranti na ƙarfe a kan fatar ganga yana murzawa, wata ƙara siririya na fita. Mai bas ya kasa kunne, ya laluɓo sautin da ya yi kusa da ita, ya ja igiya ɗaya ya riƙe. Ita kuwa mai saksofon tana tsaye ido a rufe, iska kawai take hurawa, ba ka jin komai sai huci da ƙas-ƙas ɗin maɓallai a ƙarƙashin yatsunta. Minti biyar a haka, sai mai bas ya faɗa kan wasu sautuka uku ya maimaita su, ta cafke, ta juya su, ta ninka saurinsu, mai ganga ya rarumi sanduna, kafin ka ankara ɗakin ya ɗauki amo kamar zai tsage. Sannan su dawo ƙasa. Ƙarshen shi ya fi wuya, domin babu wanda ya ce ga inda za a tsaya. Dukkansu ukun sai sun ji a jikinsu cewa maganar ta ƙare, su saki a tare.

Wanda ya ce wannan hargowa ce kawai, ina ganin bai tsaya ya kalli hannuwansu ba. Mafi yawan waɗannan mutane sun shafe shekaru suna koyon kiɗan ƙa'ida kafin su ajiye ta, kuma babban aikinsu a kan dandamali saurare ne: sanin lokacin shiga, da lokacin da ya kamata ka yi shiru ka bar ɗan'uwanka. Amma wanda ya ce kullum abin yana yin kyau shi ma bai faɗi gaskiya ba. Akwai daren da za a yi minti 40 ana laluben juna ba a gamu ba, kowa yana ta surutunsa, 'yan kallo suna sulalewa ɗaya-ɗaya zuwa rumfunan abinci. Akwai kuma masu fakewa da sunan 'yanci su ɓoye rashin abin faɗa. Mai sayen tikitin Moers ya san da haka. Kasada ya saya, kuma sau da yawa rabin sunayen da ke jadawalin bai taɓa jin su ba.

Nan ne maganar ta zama ta jama'a. Abin da ba a san yadda zai fito ba, ɗan kasuwa ba ya zuba masa jari, saboda haka kuɗin tikiti bai taɓa isar bikin ba. Majalisar garin da gwamnatin jiha da ta tarayya su ke cike giɓin, gidan rediyon WDR kuma ya daɗe yana naɗar wasannin yana watsawa. Ke nan harajin mai gidan burodi da direban bas ne ke biyan kiɗan da wataƙila ba za su iya jure minti biyu nasa ba. An sha kai ruwa rana a kan haka. A zamanin tanti, dubban matasa kan kafa ƙananan tantunansu a filin shaƙatawa, da yawansu ba kiɗan ya kawo su ba, shagali ne, maƙwabta kuma suna ta ƙorafin hayaniya da shara. Reiner Michalke, wanda ya gaji Hennen a 2006, a zamaninsa aka bar tantin, aka koma wani zauren wasan tanis da aka gyara, a 2014. Tsaftar ta samu, amma wasu tsofaffin masu zuwa sun ce an raba bikin da iskarsa. Shekara biyu bayan haka matsalar kuɗi ta kusa durƙusar da shi, Michalke ya sauka, Tim Isfort, makaɗi da ya tashi a garin, ya karɓa daga 2017.

A ganina dabarar da ta fi taimakon bikin wajen zama da mutanen gari ita ce wadda aka ɓullo da ita a 2008. Kowace shekara akan gayyato makaɗi ɗaya, a ba shi masauki, ya zauna a Moers shekara guda cur. Ta farko ita ce Angelika Niescier, mai busa saksofon. Aikin baƙon shi ne ya shiga cikin jama'a: ya yi wasa a ƙananan wurare, ya yi aiki da yara 'yan makaranta da makaɗan gari, ya gayyato abokansa su yi kiɗa inda mai wucewa zai iya leƙowa. Yara kan fi manya saurin kamawa, don babu wanda ya riga ya gaya musu cewa ba haka ake kiɗa ba. Kuma mutumin da ya saba haɗuwa da makaɗi a layin sayen burodi, ba lalle ya so kiɗansa ba, amma da wuya ya riƙa kiran sa mahaukaci a taron majalisa.

Bikin kansa ya daɗe da faɗaɗa. Yanzu za ka ji kiɗan kwamfuta, da na gita mai tsawa, da na gargajiya daga nahiyoyi daban-daban, har masu tsattsauran ra'ayi na cewa jaz ɗin ya yi ƙaranci. A 2020, da annobar korona ta sa aka soke kusan duk bukukuwan Turai, Moers ya ƙi sokewa. Makaɗan da suka samu isowa sun yi wasa a zauren babu 'yan kallo, tashar ARTE tana watsawa kai tsaye ta intanet. Ga kiɗan da ke dogara da numfashin ɗaki da motsin masu saurare, wannan ba ƙaramar asara ba ce, amma jerin shekarun bai yanke ba. A 2021 aka yi karo na 50.