Farin ciki da halin rijiya

Duk wanda ya taɓa zama a gidan da ake shan ruwan rijiya ya san halinta. A tafka ruwan sama kwana biyu a jere cikin watan Agusta, ka leƙa ka ga ruwa ya taso har yaro ma ya ɗiba da guntuwar igiya. Ba ta mako guda, sai ka tarar ta koma inda take. Ranar suna ko biki kuwa, mata su yi ta zura guga tun asuba har ya fara fitowa da laka, a ce ai ta ƙafe. Ta kwana, da safe ga ruwa nan a mazauninsa. To, masana halayyar ɗan Adam sun ce haka zuciya take da farin ciki, sai dai su sai da suka sha wahalar bincike kafin su gane.

A 1978 wani malamin jami'a a Amurka, Philip Brickman, da abokan aikinsa biyu suka nemo mutum 22 da suka ci cacar lotiri a jihar Illinois, wasunsu har dala miliyan guda. Suka kuma nemo mutum 29 da haɗari ya shanye wa jiki. Aka tambayi kowa yadda yake jin daɗin rayuwarsa. Masu kuɗin nan da ake zaton suna can suna iyo cikin annashuwa, ashe da kaɗan suka ɗara mutanen unguwanninsu da ba su ci ko sisi ba. Ruwan sama ne ya sauka, ya taso, ya janye. Abin da ya fi ba ni mamaki ma, ƙananan abubuwa irin su karin kumallo, hira da aboki, ko jin labarin ban dariya, sun rage yi musu armashi. Wannan ma rijiya ta riga ta faɗa mana: in ambaliya ta kwararo ta bakinta, yawan ruwa ake samu, amma ɗanɗanon nan na da sai an jira ya kwanta. Su kuwa masu shanyewar jiki, gaskiya sun gaza sauran jin daɗi, amma ba su kai ƙasan da mai kallo daga waje yake zato ba. An kwashe, ta kwana, ta ɗan tara.

Sai tambaya ta taso: me ya sa mazaunin ruwan wani yake kusa, na wani kuma sai an ɗaura igiya biyu? Mai haƙa rijiya zai ce maka ƙasa ce. A fadama gaba biyu ka haƙa ruwa ya tsatso, a kan tudu kuwa ka yi gaba ashirin kana fama da marmara. A 1996 David Lykken da Auke Tellegen na jami'ar Minnesota suka duba dubban tagwaye, suka ga waɗanda suka fito daga ƙwai ɗaya jin daɗinsu kan yi kama, ko da a gidaje daban-daban aka raine su. Suka ƙiyasta wajen rabin bambancin da ke tsakanin mutane gado ne. Kakanninmu da suka ce hali zanen dutse ba su yi ƙarya ba ke nan. Amma rabi dai rabi ne, kuma rijiyar tudu da ake kula da ita ta fi ta fadama da aka bari akuya ta faɗa.

Kada kuma wani mai ƙoshi ya ɗauki wannan zance ya tafi yana yi wa talaka wa'azin cewa kuɗi ba komai ba ne. Akwai kwasar ruwa, akwai ruftawa. Binciken da aka yi shekara da shekaru ana bin dubban Jamusawa ya nuna cewa wanda ya rasa aikin yi sau da yawa ba ya komawa daidai inda yake a da, ko bayan ya sami wani aikin. Bango ne ya zube ciki, ba kwana ɗaya ke gyara shi ba.

Ɗaya daga cikin bincike-binciken da suka fi daɗewa kan wannan batu shi ne na jami'ar Harvard, wanda aka fara a 1938. Samari 724 aka bi: 268 ɗaliban jami'ar, cikinsu har da John F. Kennedy da ya zama shugaban ƙasa, sauran 456 kuma 'ya'yan unguwannin talakawa na birnin Boston. Aka yi ta binsu da tambayoyi, da awon jini, da ziyara har gida, tun suna da baƙin gashi har furfura ta rufe su. Duk maza ne, duk Turawa, don haka a ɗan rage gishiri. Amma abin da shugaban binciken na huɗu, Robert Waldinger, ya bayyana a 2015 ya isa a saurara: in kana son sanin wanda zai kai shekara 80 da ƙoshin lafiya, dubi yadda yake jin daɗin zamansa da mutanensa yana ɗan 50, ya fi awon kitsen jininsa faɗar gaskiya.

Wannan shi ne idon ruwan. Ba a ganinsa daga sama, ba ya ƙara kamar hadari, tsatsowa kawai yake yi dare da rana. Kuma ido toshewa yake yi. Shi ya sa da bazara ake kiran masu yasa, mutum ya tuɓe ya sauka cikin sanyi da duhu, ana zura masa bokiti yana cikowa da laka, da tsohon guga, da takalmin yaron da aka yi ta nema bara. Aiki ne mara daɗi. Haka zuwa gaida ƙanwar uwa da ta ƙullace ka yake, ko buga wa tsohon aboki waya kai ne na fari, ko zaman makoki a garin da motarsa sai ranar kasuwa. Mutane da yawa sun fi son su zauna jiran hadari.

Wani abu kuma da masu binciken na Harvard suka lura da shi: ba sai ruwan ya zama garau ba. Akwai tsofaffin ma'aurata da suka haura 80 suna cacar baki kullum, shi ya faɗa ta mayar. Muddin kowannensu ya tabbata in ta yi tsanani ɗayan zai tsaya masa, wannan ƙaramin faɗan bai taɓa ƙwaƙwalwarsu ba. Auren da ya cutar da lafiya shi ne mai yawan rikici da babu ƙauna a ƙarƙashinsa, wanda Waldinger ya ce wataƙila ya fi saki illa.