Turkar ragon layya a tsakiyar bazara: lissafin da ya kamata mu fara tun kaka

Babbar sallah tana matsowa baya da kwana 10 zuwa 11 kowace shekara. A 2025 an yi ta a farkon watan Yuni, a 2026 za ta faɗo wajen ƙarshen Mayu, a 2027 kuma tsakiyar Mayu. Duk mai kiwo a Cirozerin ya san yadda Mayu yake: daji ya ƙone, rijiyoyi sun ja baya, buhun dusa ya kai maƙura wajen tsada, bisashe kuma sun rame. Ke nan shekaru masu zuwa, kasuwar da ta fi kawo mana kuɗi za ta riƙa ci a lokacin da ciyar da rago ya fi wuya. A aikina na kula da lafiyar bisashe a wannan yanki, abin da na fi gani shi ne ribar ragon layya ana cin ta ko a rasa ta tun watannin Nuwamba da Disamba, lokacin da cimaka ke da araha.

Farashin da ake yankewa nesa da mu

Najeriya ce babbar mai sayen bisashen Nijar a raye, saboda haka duk abin da ya taɓa iyaka ko naira sai ya iso har turkenmu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki, ba a ɗage ba sai a Fabrairun 2024. A daidai wannan lokaci naira ta faɗi: dalar Amurka da ake canzawa ƙasa da naira 500 a hukumance a farkon 2023 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Sefa kuwa tana ɗaure da kuɗin Turai, ba ta motsa ba. Sai ragon Nijar ya yi wa falken Kano ko Sakkwato tsada, ko da mai rago bai ƙara ko dala ba.

Sannan a watan Mayun 2025, ana saura makonni layya, ma'aikatar kasuwanci ta dakatar da fitar da bisashe waje don kasuwannin cikin gida su wadata, farashi kuma ya sauka ga talaka. Mai saye ya ji daɗi. Amma wanda ya ci bashi ya turke raguna da niyyar kai su ƙetare ya ga kayansa sun tsaya a hannu, ga cimaka tana ƙarewa kullum. Idan kudu ta cika da ragunan da ba su fita ba, dole farashin Agadas ma ya ji a jikinsa.

Masu sayen kusa su ma suna canzawa. Ma'aikatan Sonichar da ke nan Anu Araren, da ma'aikatan gwamnati da ƴan kasuwar Agadas, da masu haƙar zinariya tun da aka gano ta a Jado da Cibarakaten a 2014, su ne kasuwarmu ta gida. Arlit kuwa ta rage ƙarfi tun da kamfanin Cominak ya rufe a ƙarshen Maris na 2021. Shawarata ita ce a turke adadin da wannan kasuwa ta gida za ta iya ɗauka. In ƙofar waje ta buɗe, ƙari ne.

Mu zauna mu yi lissafi

Waɗannan alƙaluma misali ne kawai, kowa ya sa nasa farashin a gurbinsu. A ce ka sayi rago jika 45, za ka turke shi kwana 100. In yana cin rabin kilon dusa a rana, buhu guda mai kilo 50 ke nan, a ce jika 11. Harawa da ciyawa jika 15. Magani da gishiri jika 3. Kuɗin mota da la'adar dillali da harajin kasuwa jika 4. Jimla jika 78.

Akwai abin da yawancinmu ba ma sawa a lissafi: mutuwa. In ka turke goma ɗaya ya mutu, tara ne za su biya kuɗin goma, sai kowane rago ya tsaya maka kusan jika 87. In ka sayar jika 110, ribarka jika 23 ce.

To a ce ba ka tanadi cimaka ba, sai a Afrilu kake saye bayan ta ƙaru da rabi. Jika 26 ta koma 39, rago ya tsaya maka kusan jika 101. Riba ta koma jika 9, ladan wahalar wata uku da ɗebo ruwa cikin zafi. Rago ɗaya ne, kasuwa ɗaya, bambancin kawai watan da aka sayi dusa.

Ina kuma roƙon ƴan uwa su riƙa auna farashi da hatsi. Tambayar da ta fi amfani ita ce: wannan akuya tiya nawa ta gero za ta sayo yau? Bayan kaka bisa na da ƙiba, gero na da sauƙi. A bazara abin ya juye. Wanda ya sayar da tsofaffin awaki biyu ko uku a Nuwamba ya sayi gero da dusa ya fi wanda ya riƙe su har Mayu ya sayar da ƙashi da fata. Ma'aikatar kiwo tana da tsarin bin farashin kasuwannin bisashe da ake kira SIM Bétail; a tambayi ma'aikacin kiwo na kusa, a kuma buga waya Agadas ko Abalak kafin a ɗora bisa a mota.

Abin da ƙungiya za ta iya

Dusa da ƙuli-ƙulin gurya daga kudu suke zuwa mana, kuma daga Damagaram ko Tawa zuwa Agadas tafiyar kilomita 400 ce ko fiye. Mai sayen buhu ɗaya yana biyan ribar hannu uku ko huɗu. Ƙungiyar da ta haɗa kuɗi ta sayi tan guda, wato buhu 20 masu kilo 50, tana da bakin ciniki, kuɗin mota kuma a raba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Dokar OHADA ta ƙungiyoyin haɗin gwiwa, wadda aka amince da ita a Lome a Disambar 2010, ta ba mutum biyar dama su kafa ƙaramar ƙungiya mai rajista, irin wadda ake kira SCOOPS. Da takardar rajista ne ake buɗe asusu, ake neman bashi, ake kuma shiga layi idan gwamnati ta kawo cimakar bisashe a farashi mai rangwame.

Na ga rumbunan cimaka da suka tsaya da ƙafarsu, na ga waɗanda suka mutu cikin shekara biyu. Waɗanda suka mutu, bashi ne ya kashe su: a ba wane buhu sai bayan sallah, a ba ɗan uwan shugaba, kaka ta zo babu kuɗin sake saye. Waɗanda suka rayu suna da littafi guda da ake karantawa a gaban kowa duk wata, mai riƙe mabuɗi daban da mai riƙe kuɗi, kuma suna sayarwa da ɗan ƙari a kan kuɗin saye don jari ya dawo. A ɗora buhuna a kan katako nesa da bango. Cimakar da ta yi fumfuna a zubar, tana lalata hanta.

Kada a manta da abin da ke kusa. Masu lambu a Dabaga da Tabelot suna da karan masara da ragowar alkama, su kuma taki suke nema. Musaya ce da ba ta bukatar kuɗi. Ƴaƴan itatuwan ƙorama ma, in an tara su da wuri aka adana a inuwa, suna rage cin dusa.

Zaɓen rago da kwanakin farko

Turka tana ɗaukar wata uku zuwa huɗu. Don sallar 2026, a sayi raguna daga ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu. A buɗe baki a duba: manyan haƙoran gaba biyu suna fitowa ne tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi, kuma irin wannan rago ya fi saurin ɗaukar nama. Mai dogon jiki da faɗin ƙirji wanda yunwa ce kawai ta rame shi, shi ne abin nema. Balami da uda sun fi kuɗi a idon ƴan birni, amma ara-ara ya fi jure wa yanayinmu, kuɗin sayensa ma ya fi sauƙi. Mai tari, mai majina, mai zawo a gindi, a bar shi ko da kyauta ne. Araha ba ta ado.

Sabon rago a ware shi mako uku kafin ya haɗu da na gida. Annobar awaki da tumaki da muke kira PPR tana shigowa ne da bisa mai kama da lafiyayye, sai bayan kwanaki a ga zazzaɓi, ruwan ido da hanci, gyambon baki da zawo. Ƙwayar da ke kawo ta ba ta jin maganin kwalba. Allurar riga-kafi ce kawai, kuma guda ɗaya tana kariya shekara uku ko fiye. Kowace shekara gwamnati tana kamfen na riga-kafi kyauta, duniya kuma ta sa 2030 a matsayin shekarar kawar da cutar, kamar yadda aka kawar da bushiya a 2011. Wasu na ɓoye ragunansu don tsoron ƴar alamar da ake yi a kunne, wai za ta ɓata layya. A mazhabar Malikiyya yankan da bai wuce sulusin kunne ba ba ya hana layya, alamar kuwa ba ta kai kusa da haka ba. Mai shakka ya tambayi malamin garinsu. Abin da ke hana layya shi ne cuta bayyananna, gurguntaka, ido ɗaya da rama mai tsanani.

A makon farko a ba da maganin tsutsar ciki gwargwadon nauyin rago. A saye shi wajen likitan bisashe ko mataimakan kiwo na SVPP da ke zagaya ƙauyuka. Kwalbar da ta yini a rana a kan tabarmar kasuwa, ba mai sanin abin da ya rage a cikinta.

Cututtukan da turke ke jawowa

Uku ne suka fi sa a kira ni cikin dare. Na farko kumburin ciki: rago ya fito daga daji sai a cika masa kwano da dusa ko hatsi rana ɗaya, tumbi ya yi tsami, wani ya mutu kafin safiya. A fara da ɗan kaɗan, a riƙa ƙarawa cikin kwana 10 zuwa 14, kuma kullum busasshiyar ciyawa ta riga dusa shiga ciki.

Na biyu tsakuwar fitsari, wadda yawan dusa da ƙarancin ruwa ke kawo wa raguna. Za ka ga yana nishi yana yunƙuri, fitsari na ɗiga ko ya tsaya. A kira ma'aikaci nan take, jira kwana biyu asara ce. Riga-kafinta ruwa mai tsabta safe da yamma, gishirin lasa, da inuwa.

Na uku leda. Ragon da ke yawo a bola yana haɗiye ta, ya riƙa ci yana ramewa, ba allurar da za ta fitar da ita. A share wurin turke.

Duk maganin allura yana da kwanakin da za a jira kafin a ci naman, an rubuta a jikin kwalba, wasu mako uku ko fiye. Yi wa rago allura ana jibi sallah don ya yi kyau a kasuwa cutar da iyalin mai saye ne, kuma mai sayen da ya gane ba ya dawowa.

Ranar sayarwa

Kada a kai duka rana ɗaya, kada kuma a jira jajibiri, don ranar ce ragunan da suka yi kwantai ke faɗuwa. A raba kashi biyu ko uku cikin makonni biyun ƙarshe. A daidaita la'ada da dillali tun kafin ciniki. Ma'aikacin da zai biya ƙarshen wata a rubuta da shi a gaban shaidu. Ƙungiya na iya karɓar kafin alƙalami tun Afrilu daga masu sayen da aka saba da su, hakan yana rage dogaro da kasuwar kwana ɗaya.

Wannan wata aikin ukun nan ne a gabanmu: ƙungiya ta zauna ta ƙirga buhunan da take bukata har Yuni, kowa ya fitar da bisashen da ba za su kai damina ba tun suna da nama, sannan a tambayi ranar da masu allura za su iso rijiyarku. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mana dukiya.