Zoɓo Da Hawan Jini: Abin Da Likitoci Suka Gano

Duk wanda ya bi hanya daga Gumel zuwa Maigatari da kaka, ko ya ratsa ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, zai ga yakuwa ta yi jajawur a gefen gonakin gero. A da mata ne ke shuka ta a kan iyakar gona domin miya da fate, su kuma yi daddawa da gurguzunta. Yanzu kuwa ta zama amfanin sayarwa kamar riɗi da gyaɗa. Ran Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, ana cinikin zoɓo buhu buhu, a loda wa motoci zuwa Kano, daga can sai Ikko, sai jirgin ruwa. Jihar Jigawa na cikin waɗanda ke kan gaba wajen nomansa a Nijeriya, ƙasar Meziko kuwa ita ce babbar mai saye.

To, magana ta bazu cikin kasuwanni cewa zoɓo maganin hawan jini ne, har waɗansu sun jingine ƙwayoyin asibiti sun koma masa. Ya kamata manomi da ɗan kasuwa su san iyakar gaskiyar wannan magana, gama a ciki akwai lafiyar mutane, akwai kuma kuɗin guminsu.

Yadda A Ke Gwada Magani

Tun 1916 wani likita Bature, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya buga littafin sunayen itatuwa da ciyayi na Hausa, a 1937 kuma ya buga wani babba a kan amfanin tsire-tsiren Afirka ta Yamma. Amma rubuta abin da mutane suka ce daban, gwada shi daban.

Ga yadda likitoci ke yi. Su kan tara masu ciwo iri ɗaya, su raba su kashi biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya a ba su maganin da a ke so a gwada, ɗayan kuwa a ba su wani abu mai kama da shi wanda ba magani a ciki, ko kuwa a ba su maganin asibiti wanda an riga an san ƙarfinsa. A auna kowa kafin a fara, a sake aunawa bayan an gama. Daidai ya ke da gonar gwaji, inda malamin gona ke zuba taki a rabin fili ya bar rabi, sa'an nan da kaka a ƙidaya dammunan ko wane ɓangare.

Awon jini lamba biyu ne, ta sama da ta ƙasa. Na mai lafiya ya kan tsaya wajen 120 bisa 80. Idan ya kai 140 bisa 90 ya zauna a nan, to hawan jini ya samu. Mugun halinsa shi ne sau da yawa ba ya sa ciwon kome, sai dai a wayi gari mutum ya faɗi da shanyewar ɓarin jiki.

Abin Da Gwaji Ya Nuna

A 2004 likitocin Meziko sun buga labarin gwajinsu. Sun riƙa jiƙa giram 10 na busasshen zoɓo cikin rabin lita na ruwa, masu ciwo su sha kowace safiya har mako 4, waɗansu kuwa aka ba su ƙwayar asibiti mai suna captopril. Jinin kashi biyun duka ya sauka, ba su kuwa ga wani bambanci mai yawa tsakaninsu ba.

A 2010 masanan Jami'ar Tufts ta birnin Boston a Amurka, bisa jagorancin wata malama Diane McKay, sun buga nasu. Mutum 65 suka tara, waɗanda jininsu ya soma hawa amma ba su fara shan magani ba. Waɗansu suka sha kofi 3 na zoɓo kullum har mako 6, sauran suka sha wani jan ruwa mai kama da shi. Lambar sama ta masu shan zoɓo ta sauka da wajen 7, ta sauran kuwa da wajen 1 kaɗai. Waɗanda jininsu ya fi hawa tun farko su ne suka fi samun sauƙi.

A nan gida ma, a 2015 likitoci a Inugu sun buga gwajin da suka yi da mutum 80, inda suka kwatanta zoɓo da wata ƙwayar hawan jini mai sa fitsari, suka ga shi ma ya saukar da jini. Masana sun ce sinadarin da ke ba shi jan launi da tsaminsa su ke wannan aiki, watau su kan ƙara fitsari su kuma sassauta hanyoyin jini.

Ashe dai maganar tsofaffi ba ta faɗi ƙasa banza ba. Amma a lura da abu uku. Mutanen da aka gwada kaɗan ne, kwanakin gwajin ba su wuce 'yan makonni ba, ciwonsu kuma bai yi tsanani ba. Wanda jininsa ya kai 170, in an rage masa 7, har yanzu yana bakin rami. Saboda haka wanda likita ya ɗora a kan ƙwaya kada ya bari, sai dai ya gaya wa likitan yana shan zoɓo, domin kada su haɗu su saukar da jini fiye da kima.

Inda Za A Yi Hattara

Abin da ke da ƙarfin yin magani yana da ƙarfin yin ɓarna. A 1994 likitocin Sudan sun gano cewa idan aka haɗiyi kulorakwin da zoɓo, ko da ruwan tsamiya, ko da lemon tsami, maganin da ke shiga jini ya kan ragu ƙwarai. Ko da ya ke an daina dogara ga kulorakwin wajen zazzaɓin cizon sauro, darasin na nan: a sha ƙwayar asibiti da ruwa zalla. Mace mai ciki kuma kada ta mai da shi magani, domin ba a yi isasshen gwaji a kan masu ciki ba. Har wa yau zoɓon da a ke ƙullawa a leda a tasha cike ya ke da sukari, mai ciwon sukari ya kiyaye.

Aikin Manomi Da Ɗan Kasuwa

Zoɓon da likitoci suka gwada mai tsabta ne, busasshe, ba gauraye. Wanda aka shanya a ƙasa cikin yashi da kashin awaki, ko aka ɗura a buhu da ɗanyensa har ya yi funfuna, ba shi ne suka gwada ba. Mafi muni shi ne wanda aka yayyafa wa fiya-fiya a ɗakin ajiya don gudun ƙwari. Wannan guba ce, mai jiƙawa kuwa da ita zai sha.

An riga an ga sakamakon sakaci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan irin wannan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Cikin 2018 kuma ƙofar Meziko a rufe ta ke ga zoɓon Nijeriya, saboda ƙwaron ajiya da suka samu a cikin kaya, aka yi shekaru kafin su sake buɗewa. Ɓera ɗaya ke ɓata miya, laifin 'yan kaɗan ya shafi kowa.

Ga abin da ya kamata a yi. A tsinke zoɓo idan ya ƙosa, kada a bar shi ya daɗe a kara. A ɓare shi ran nan ko kashegari, a shanya a kan tabarma ko tamfol mai tsabta, nesa da dabbobi da kaji, a riƙa juyawa, a kwashe da maraice kafin raɓa ta sauka. Ya bushe ke nan idan an matsa shi a hannu ya karye ƙaras. A sheƙe yashi, a tsince gurguzu da ƙirare. A zuba cikin sabon buhu, ba buhun takin zamani ba. A share ɗakin ajiya tun kaya ba su shigo ba, a jera buhuna a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango, kada kuma a haɗa su da tsohon hatsi mai ƙwari. In ƙwari sun kama kaya, a nemi malamin gona, kada kowa ya yi gaban kansa da kwalbar guba. Ɗan kasuwa shi ma ya ji tsoron Allah, kada ya yayyafa ruwa ko ya zuba yashi don ƙarin nauyi.

Mai shekara 40 zuwa sama kuwa, ran da ya kai zoɓonsa kasuwa, ya daure ya biya asibiti ko ɗakin shan magani a auna masa jini, aikin minti 5 ne. Allah ya ba da lafiya, ya sa albarka a cikin amfanin bana, amin.